Mene Ne Arziki?

Wata shekara wani mai wa'azi daga ƙasar Tanzaniya ya zo babban taronmu a Maradi. Ba ya jin Hausa, Faransancinsa kuwa bai wuce gaisuwa ba. Da aka zo rufe taro, sai shugaba ya roƙe shi ya yi mana Addu'ar Ubangiji da harshensu na Suwahili. Muka sunkuyar da kai. Ban kama kome cikin addu'ar ba sai Amin, da wata kalma guda wadda ta faɗo a tsakiya. Na ji ya ce "riziki". Na yi tsammani kunnena ne ya ruɗe ni.

Da aka tashi, na nemi tafinta na je wurinsa. Na ce, "Malam, wane arziki ne kuke roƙo a cikin addu'ar nan? Mu nan abinci muke roƙo." Ya yi dariya, ya ce ai abincin ke nan. A wurinsu "riziki" shi ne abin da Allah ya ba mutum ya ci ya rayu a ranar. Ɗan dako wanda ya sami kuɗin tuwon dare ya sami rizikinsa. Masunci wanda ya komo da kifi uku ya sami nasa. Daga baya na ji cewa 'yan Katolika na ƙasar Indunisiya ma, can gabas mai nisa, "rezeki" suke faɗa a daidai wannan wuri na addu'ar.

Na komo Madarumfa ina juya maganar a zuci. Da a ce ran Lahadi na tashi a gaban jama'a na roƙi Allah ya ba mu arziki yau, me za su gani a ransu? Wani zai ga babur. Wani zai ga bijimai biyu da amalanke. Wani kuwa gidan siminti mai rufin kwano. Ba wanda zai ga ƙwaryar fura. Ina tsammani shi ya sa waɗanda suka juya mana Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tun fitowarsa ta fari a 1932, ba su sa wannan kalma a wurin ba. Ga shi kalma ɗaya ce, amma a bakin teku tana nufin abin da ya isa yini guda, a wurinmu kuwa abin da shekara ba ta cinye shi.

Ya mai karatu, kada ka ce wannan magana ta malaman jami'a ce, ba ruwan manomi. Saboda wannan kalma ake aurar da yarinya ga wanda ba ta so. Saboda ita samarinmu suke ratsa hamada zuwa Libiya da Aljeriya. Saboda ita 'yan'uwa ciki ɗaya suke kai juna gaban alƙali a kan gonar ubansu. Abin da mutum yake gudu yana bi haka, ya kamata ya tsaya ya tambaya ko mene ne. Na tambayi waɗanda suka fi ni karatu, na kuma sa ɗana wanda ya yi jami'a a Yamai ya duba mini littattafan masana harsuna. Ga abin da na samo.

Inda ta fito

Daga Larabci muka karɓe ta, wannan kowane almajiri ya sani. Balarabe yakan ce "rizƙ", in kuwa ya sa mata "al" ɗin nan tasu a gaba sai ta zama "ar-rizƙ". Kakanninmu ba su raba kalma da hularta ba, haɗe suka ɗauka. Haka suka yi da alƙali, da alƙalami, da albasa. Haka kuma annabi, da addini, da attajiri, da asuba. "Ar-rizƙ" ta shiga bakin Bahaushe ta fito arziki, waɗansu kuma su ce azziki.

Amma Larabawan ma baƙuwa ce a wurinsu. Masana sun bi sawunta har ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. A harshen Farisawa "ruz" shi ne yini. Babbar sallarsu ta sabuwar shekara, wadda suke yi cikin watan Maris, sunanta Nauruz, wato sabon yini. Daga "ruz" mutanen dā suka ƙera "rozig": abin yini, rabon da akan auna wa mutum ya ci daga safe zuwa dare. Shi ne abin da akan ba soja, da bawa, da ma'aikacin sarki. Maƙwabtansu Armeniyawa suka ara, har wa yau kalmar tana nufin albashi a harshensu. Masu harshen Suriyanci na Iraƙi da Sham su ma suka ara. Suriyanci kuwa reshe ne na Aramiyanci, harshen da Yesu Almasihu ya yi magana da shi. Ta wannan hanya kalmar ta gangaro ƙasar Larabawa tun kafin Musulunci.

Akwai wani abu kuma can ƙasa. Ita "ruz" ɗin kanta daga wata tsohuwar kalma ta fito mai nufin haske, 'yar'uwar "lux" ta Latin, dangin "lumière" da muka koya a lakwal. Haske ya haifi yini, yini ya haifi abincin yini. Wani abin da ya ba ni dariya shi ne, daga wannan saiwa ɗaya Farisawa suka sami sunan azumi, "ruza", har mutanen Pakistan da Indiya suka karɓa. Cin yini da rashin cin yini, uwarsu ɗaya.

Ka lura da abu biyu a cikin wannan ma'ana ta fari. Abin yana da iyaka, gama na yini ne. Sa'an nan kuma wani ne yake ba ka. Ba mai auna wa kansa "rozig". Hannu kake miƙawa, a zuba maka.

Larabci ya riƙe wannan sosai. A zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi mulki daga 634 zuwa 644, an rubuta sunayen mayaƙa a littafi. Kuɗin da akan ba su shekara shekara yana da nasa suna dabam. Alkama da mai da akan auna musu wata wata domin ci, shi ake kira "rizƙ". Har yau sojan haya, wanda yake yaƙi domin cikinsa kaɗai, "murtaziƙ" Larabawa suke ce masa. A wajen addini kuwa, maƙwabtanmu Musulmi suna kiran Allah "Ar-Razzaƙ", Mai azurtawa, daga nan sunan Abdurrazaƙ ya fito. Na zauna da wani malamin zaure na unguwarmu, abokina tun muna yara, na tambaye shi. Ya ce a karatunsu arzikin mutum shi ne abin da ya amfana da shi: abin da ya ci, da abin da ya sa, da abin da ya bayar. Wanda ya mutu ya bari a rumbu, ashe ba nasa ba ne tun farko, gadi kawai ya yi wa magada. Na ce masa, "Malam, to, me ya sa ba ku faɗa wa mutane haka?" Ya ce, "Muna faɗa. Ku kuma naku suna jin ku?" Na yi shiru.

Fatake da malamai suka yi ta yawo da kalmar. Turkawa suka ce "rizik", Zabarmawa suka ce "arzaka", Wolof na Senegal suka mai da ita "wersek", a wurinsu kuwa ta fi kusa da sa'a. Katsinawan da suka kafa Maradi a farkon ƙarni na 19, bayan da Jihadi ya fitar da su daga birninsu, da ita a baki suka zo.

Yadda Bahaushe ya yi da ita

Bari mu zauna a nan kaɗan, gama a nan ne maganar take.

In an ce wane ya yi arziki, kowa ya san nufin: ya tara. Mai arziki shi ne attajiri. Gwamnati ma da ta nemi sunan da za ta ba sha'anin kuɗi da ciniki na ƙasa duka, sai ta ce tattalin arziki. Uraniyom na Arlit da man fetur na Agadem kuwa arzikin ƙasa. Abin da ya fara da mudun soja ya kai ga abin da ake ɗauka da manyan motoci.

Amma harshe ba ya mantuwa kamar masu shi. Saurara ka ji. In mace ta haihu muna cewa Allah ya azurta su da ɗa. Ba wanda ya tara ɗan nan, ba shi aka yi. In muka ce wane mutumin arziki ne, ba aljihunsa muke dubawa ba. Sau da yawa ma ba shi da ko dala. Muna nufin yana da kunya, yana riƙe amana, in ka kwana gidansa ba za ka ƙirga kayanka da safe ba. 'Yar arziki ita ce yarinya mai ladabi. Abin arziki shi ne alherin da kake kai wa maƙwabci ran suna ko ran biki. Zaman arziki, zaman da ba faɗa. In mata da miji suka rabu ba zagi ba kotu, sai a ce sun yi rabuwar arziki. In kuma yaro ya yi laifin da ya isa duka, aka ƙyale shi saboda ubansa, sai a ce masa, "Ka ci arzikin tsohonka." Ka gani? A nan arzikin tsohon ba shanu ba ne. Mutuncinsa ne, wanda ya isa ya rufe wani.

Saboda haka a Hausa mutum yana iya zama mai arziki amma ba mutumin arziki ba. Kowane gari yana da irinsa, ba sai na nuna da yatsa ba. Kishiyar kalmar ma haka take. Tsiya talauci ce, amma tsiya kuma mugun hali ce. Akan sami matsiyaci a cikin mota mai sanyi. Kakanninmu ba su je jami'a ba, amma sun ƙi yarda a sallama wa masu kuɗi kalmar ɗungum.

Akwai kuma ma'ana ta uku, wadda ta fi kusa da ta Wolof. Ita ce arziki a kan wani abu da yake manne da mutum, kamar inuwarsa. Mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafi a kan manoman wurin a 1972, ta lura da yadda mutane suke bayyana bambancin mai samu da marar samu da wannan kalma. Mutum biyu, gona ɗaya, ruwa ɗaya, ɗaya ya cika rumbu, ɗaya bai cika ba. Me ya sa? Arziki. A nan fa nake jin tsoron kalmar. Gama da ita rago yakan rufe lalacinsa: ba ni da arziki, me zan yi? Da ita kuma azzalumi yakan rufe zaluncinsa. Ya karɓi gonar gwauruwa jingina a kan buhu biyu, ya riƙe har ta mutu, in an yi magana a ce arzikinsa ne. A'a. Akwai abin da Allah ya bayar, akwai abin da mutum ya ƙwata. Sa musu suna ɗaya ba ya mai da su abu ɗaya.

Anna na kwarin Maradi, waɗanda ba su yi salla ba, su ma sun ɗauki kalmar, suka kuwa yi wani abu da ita wanda ya isa a tuna. Wani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya yi shekaru a ƙauyukan nan yana rubuta al'adunsu. A cikin abin da ya rubuta akwai bikin dubu, wanda tsofaffinmu ma suka ba mu labarinsa. Manomin da ya noma dami dubu ba ya zama sarkin noma don ya noma kawai. Sai ya tara jama'a, da makaɗa, da sauran sarakunan noma, ya buɗe rumbuna, a ci, a sha, a kwasa, har ya kusa komawa hannu wofi. Sa'an nan ne a naɗa shi. Ba ina kiranmu mu koma can ba ne. Akwai tsafi a ciki, akwai fahariya, akwai giya. Amma sun gane abu guda: tari bai zama arziki ba sai ya shiga cikin mutane. Alhazan Maradi na zamanin gyada ma sun san haka. Ba da yawan buhuna kaɗai ake auna su ba, sai da yawan waɗanda suke ci a ƙofarsu, abin da ake kira arzikin mutane.

To, rumbu fa?

Na san abin da manomi zai ce mini, gama ni ma manomi ne. Zai ce, "Dattijo, maganar abincin yini ta yi wa masunci daidai." Gaskiya ne. Je ka bakin tafkinmu da sassafe ka gani. Mutum ya shiga ruwa a kan gora, ya fito da abin da ya fito da shi, tarwaɗa ko gargaza. In bai sayar ba ko bai yi banda ba kafin rana ta yi zafi, ya yi asara. Gobe kuma sai ya sake shiga. Shi kam dole ya san arzikin yini. Amma mu ruwanmu na wata uku ne ko huɗu. Kaka ɗaya ce take ciyad da wata goma sha biyu. Wanda bai ajiye ba a watan Oktoba, a watan Yuli zai bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. A ƙasar nan rashin rumbu wauta ce, ba bangaskiya ba.

Na yarda da wannan sarai. Littafi Mai Tsarki ma bai hana ba. Labarin manna yana nan a Fitowa sura 16, abincin da yakan ruɓe in an kwana da shi. Amma labarin Yusufu ma yana nan, wanda ya tara hatsin shekara bakwai a Masar. Duka biyu a littafi ɗaya suke. Bambancin da na gani shi ne, Yusufu ya tara domin a buɗe. Kowane dami da ke cikin rumbun kirki yana da ranarsa, yana da bakin da yake jira. Rumbu yini ɗari uku da sittin da biyar ne aka jera a wuri ɗaya. Matar gida ta san haka, gama ita take ɗibar tiya ta kowace safiya, ita ce kuma take fara sanin ranar da gindin rumbu zai bayyana.

Amma akwai wani tari wanda ba ya jiran baki, kuɗi yake jira. Mun gan shi da idonmu a 2005. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta sauka a waɗansu wurare. Duk da haka hatsi bai ƙare a ƙasa ba. Kasuwar Maradi cike take, ta Ɗan Isa ma haka. Sai dai kuɗin buhu ya fi ninki biyu kafin tsakiyar damina. Waɗanda suka sayar da arha da kaka domin biyan bashi, su ne suka komo saye da tsada, wani lokaci a hannun mutumin da suka sayar wa. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar nan, mafi yawansu kuwa a jiharmu, wadda ake kira rumbun ƙasa. Mata suna wucewa ta gaban shagunan da buhuna suka kai rufi, da yaro a baya wanda ba ya iya ɗaga kai. A shekarar nan waɗansu sun yi arziki, in ji mutane. Ni dai na kasa kiransa da wannan suna. Abincin yinin wani ne aka kulle har yininsa ya wuce.

Ɗaya hanyar da kalmar ta bi

Na ce ta gangaro kudu ta zo mana. Akwai alama ta haye teku zuwa arewa kuma. A tsakiyar ƙarni na 12, a takardun yarjejeniyar fatake na birnin Jenowa a ƙasar Italiya, wata sabuwar kalma ta bayyana, "resicum". Fataken nan suna ciniki da Tunis da Bijaya da sauran garuruwan Musulmi na bakin teku. In mutum ya ba wani kuɗi ko kaya ya shiga jirgi da su, sai a rubuta a kan wa "resicum" ɗin yake. Wato in jirgi ya iso lafiya wa ya ci, in ya nutse ko 'yan fashin teku suka kama shi, wa ya yi asara. Daga nan Faransawa suka sami "risque", Ingilishi suka sami "risk", abin da mu muke kira kasada. Masana sun rabu a kan asalinta. Waɗansu sun ce daga sunan dutsen da yake fasa jirgi a teku ne. Waɗansu kuwa, har da masana tarihin ciniki na zamanin nan, sun ce "rizƙ" ce ta Larabawa: abin da Allah zai ba ka a tafiyar, ko mai daɗi ko marar daɗi. Helenawa ma suna da "riziko", ma'anarta ƙaddara.

In na biyun ne daidai, to, arziki da kasada tagwaye ne, ɗaya ya tafi kudu ɗaya arewa. Mu mutanen bakin iyaka ba mu bukatar wani ya tabbatar mana. Ina yaro ɗan makaranta a 1984 sa'ad da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka cikin watan Afrilu, ta canza launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a musanya. Mutanen da suka kwana da buhun naira a ƙarƙashin gado a wannan gefe suka tashi da takardar kunna wuta. Damina kuma ta ƙi a shekarar, har aka sa wa yunwar suna El-Buhari. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyakar har zuwa Disamba na 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har watanni. Kowane karo akwai wanda ya kwanta mai arziki ya tashi yana neman bashi.

Waɗannan duka asarar kuɗi ce. Abin da ya same mu tun wajen 2019 ya fi haka. 'Yan bindiga suka riƙa ƙetarowa da dare, suna kore shanu, suna ɗaukar mutane a ƙauyukan Gabi, da Safo, da Ɗan Isa, da Sarkin Yamma, suna shigewa daji da su sai an biya fansa. Wa suke nema? Wanda aka ce yana da arziki. Wani ne kuma daga cikin gari yake nuna musu ƙofa. Na ga mutum ya sayar da bijimansa ba don yana bukata ba, sai don kada a gan su. Na ga wanda ya fasa yi wa gidansa rufin kwano. Kalmar da dā ake yi wa mutum addu'a da ita ta zama abin da in an faɗa a kanka a kasuwa, ba za ka yi barci a ɗakinka ba.

Duk da haka ba mu daina binta a guje ba. Har a cikin masujadai akan sami masu wa'azin da suke sayar da ita, su ce ka ba da jaka goma Allah ya mayar maka da ɗari, kamar Ubangiji ɗan canji ne a bakin tasha. Waɗansu kuma suna kai kuɗinsu wurin boka domin a ɗaure musu ita a laya. Waɗannan da waɗancan abu guda suke so, wato su kama hannun mai bayarwa su murɗa. Amma kalmar tun daga Farisa ba ta taɓa nufin abin da ake murɗa hannu a karɓa ba. Ɗan'uwana, in kana roƙon arziki, tambayi kanka wanne kake roƙo a cikinsu. Na yini, wanda yake da iyaka? Na hali, wanda yake rufe 'ya'yanka bayan ranka? Ko tarin da ba ka san ranar da za ka ce ya isa ba? Na taɓa tambayar wani ɗan kasuwa nawa zai samu ya huta. Ya yi lissafi da gaske, ya faɗi adadi. Bayan shekara uku ya wuce adadin. Na tuna masa, ya ce ai kaya sun yi tsada.

Akwai wani mutum a wani ƙauye yamma da mu, ba zan faɗi sunansa ba. Yana da shanu wajen arba'in. A 2005 ya buɗe rumbunsa biyu ya ba da hatsi rance, tiya a mayar da tiya, ba ƙari. Waɗansu sun biya, waɗansu ba su biya ba, bai kai kowa ƙara ba. 'Yan shekarun baya aka zo da dare aka tafi da shi. An kore rabin shanun a daren, sauran kuma iyalinsa suka sayar da gaggawa a kan kuɗin banza, ba su kuwa kai abin da aka yanka ba. Ragowar mutane ne suka haɗa. Wannan ya kawo jaka biyu, waccan ta kawo akuya, wani tsoho ya kawo dala ɗari a ƙulle cikin tsumma. An yi shela a masallaci, mu ma muka yi a majami'a. Bayan kwana hamsin da wani abu ya komo, ƙafafunsa duk sun kumbura saboda sarƙa. Da muka je yi masa barka, abin da ya iya faɗa ke nan, "Na ci arzikinku." Wata tsohuwa daga bayan zana ta ce, "Naka ka ci."

Kada ka ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Shanun ba su dawo ba. Akwai kuma waɗansu mutanen kirki kamarsa da aka haɗa musu kuɗi, aka kai, ba su komo ba. Shi yanzu ba ya kwana a ƙauyen. Yana aikin zogale a wani ɗan fili da ya ara wajen Jiratawa, yakan yanka, ya shanya, ya kai kasuwa buhu ɗaya ko biyu. Kwanan baya na same shi a bakin hanya yana jiran mota. Muka gaisa. Ya ce mini yara a garinsu har yanzu mai arziki suke kiransa, shi kuwa bai san ko ba'a suke yi masa ba. Sai na zauna a kan buhunsa na ba shi labarin nan duka, tun daga Farisa, da mudun soja, da mai wa'azin Tanzaniya, da jiragen Jenowa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana duban ƙasa.

Ya ce, "Wato abin da na samu yau, shi ne arzikin."

Na ce, "Haka masu kalmar suka nufa."

Ya ce, "To. Su Farisawan nan, daminarsu wata nawa ce?"

Kafin in buɗe baki motar Maradi ta tsaya. Ya ce in ɗaga masa buhun, na tashi, muka kama shi tare muka miƙa wa yaron mota.